Fitilun da Aka Saya wa Akuya

A shagon mai gyaran wutar mota tsoro ya fara kama Auta, da rana tsaka, mutane na ta harkokinsu a bakin titi. Mutumin yana da wani ɗaki marar taga a bayan shagon, inda yake gwada fitilu. Aka shigar da motar Baba ciki, aka ja ƙofar kwano aka rufe, duhu ya lulluɓe su su uku. Sai mai gyaran ya ɗana wayoyi biyu a kan batir. Nan take bangon da ke gabansu ya yi fari fat daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ana ganin tsagar siminti da saƙar gizo-gizo a can sama. Auta ta kare idonta da gefen mayafi.

Baba kuwa yana zaune a kujerar direba, hannuwansa a kan sitiyari, ya zuba wa bangon ido.

"Tsakiyar ta yi," in ji shi. "Amma gefe da gefen fa? Matsalar waccan ce dai ba ta canza ba. Kamar mutum ya leƙa ta bututu."

Mai gyaran ya yi dariya, a zatonsa ciniki ake ja. "Haba Baba, wannan ai ko allura aka yar a gefen hanya sai ka tsince ta."

Auta tana tsaye a damar mahaifinta, kusa da shi ƙwarai, hasken da ke dawowa daga bango ya haske ta sarai. Ba ta san abin da ya sa ba, sai ta ɗaga hannu ta kaɗa kamar mai korar ƙuda. Bai juyo ba. Ta matsar da hannun har ya kusa taɓa kafaɗarsa, ta sake kaɗawa. Yana nan yana kallon gabansa, yana jiran mai gyaran ya kawo wadda ta fi wannan. Auta ta sauke hannun a hankali ta ɓoye shi a cikin mayafi.

Wannan ce fitila ta uku da aka nema wa motar tun da ta dawo gida daga jami'a.

Baba ma'aikacin gonar kifi ne tun kafin a haife ta. Gonar tana bayan gari, tafkuna ne jere da juna, tsakanin kowane biyu akwai ɗan tudu siriri wanda shi ne hanya. Ya fara da ɗaukar buhunan abincin kifi a ka, daga baya aka ba shi baro, daga baya kuma masu gonar suka sayo wata 'yar mota marar ƙofa, mai manyan tayoyi da ƙaramin bodi a baya, wadda aka ƙera don laka da gargada. Shi aka koya wa tuƙa ta. Da ta tsufa za a rabu da ita, sai ya ce shi zai saya, tun daga nan shi da motarsa ake ɗauka aiki tare. Ma'aikata suka raɗa mata Akuya, don babu inda ba ta hawa. Shi kuma suna kiransa Ba-Gaggawa, saboda kalmar da ba ta barin bakinsa, da kuma yadda yake tafiya a kan tudun nan kamar wanda ya ɗauko ƙwai.

Aikinsa da asuba yake farawa. Kafin gari ya waye sai ya zaga tafkunan ya sauke wa kowane buhunansa, in kuma lokacin kwashe kifi ne ya riƙa jigilar robobi zuwa bakin ƙofa inda masu saye ke jira. A duk shekarun nan bai taɓa zubar da ko buhu ɗaya a ruwa ba, kuma yana son a san haka. In ya dawo gida sai ya wanke Akuya kafin ya wanke jikinsa. Inna takan ce wa 'yarta, "Ke sunan kawai kika ci. Autar gidan nan ta gaskiya ga ta can ana goge mata taya."

Mutum ne mai barkwanci da sauƙin kai, abu ɗaya ne ba a ja da shi a kai: ba ya ciwo. Bai taɓa kwana a asibiti ba, yana kuma faɗar haka kamar wani digiri da ya samu. In bayansa ya riƙe, kujerar mota ce ta lalace. In hannunsa ya yi tsami, sitiyari ne ya yi tauri. Mutanen gidan sun saba, ba mai musa masa. Inna ta dafa ruwan zafi ta ajiye, shi kuma ya je ya sa a duba kujera, kowa ya fita da mutuncinsa.

Don haka da ya fara cewa fitilun Akuya sun yi rauni, ba wanda ya ɗaga kai. Lokacin Auta ta gama karatu ta dawo, tana zaman jiran aiki, kullum tana kan waya tana aika takardun neman aiki inda ba a ba ta amsa. Zaman ya fara cin ta. Maƙwabta in sun gaishe ta sai sun ƙara da "har yanzu shiru?" Wata rana da yamma Baba ya zauna kusa da ita ya ce, "Ke 'yar boko, wannan wayar taki ta san fitilar mota?"

Ba ta taɓa jin daɗin wata tambaya kamar wannan ba. Tun da ta dawo, ranar ce aka fara neman ta yi wani abu da ya wuce wanke-wanke. Ta duƙufa kamar mai shirin jarrabawa. Ta gano cewa akwai ƙwan fitila irin na da mai jan haske, akwai na zamani mai fari wanda ba ya shan batir. Akwai fitilar da ke harba haske nesa, akwai mai baza shi kusa. Ta koyi duba wadda ruwa ba ya shiga, da wadda girgiza ba ta kashewa. Ta riƙa yi wa Baba bayani yana gyaɗa kai, yana ce wa Inna, "Kin ji inda kuɗin makaranta suka tafi." Yayanta da ke aiki a wani gari ya ce su zaɓa kawai, shi zai biya.

Da farko ƙwayayen kawai aka canza, aka sa farare. Baba ya yaba na ɗan lokaci, sannan ya ce gefen hanya bai fito ba. Sai aka ƙara wasu ƙananan fitilu biyu masu zagaye a kan ƙarfen gaba, aka karkata su waje kaɗan. Su ma ya yaba, su ma daga baya ya ce da sauransu. Auta ta ɗora laifin a kan kanta, ta ce ba ta iya zaɓe ba ne. Shi ya sa wannan karon ta ce za ta bi shi shagon da ƙafarta.

Mai gyaran ya buɗe ƙofar kwanon, hasken rana ya shigo. Ya ɗauko kwalaye biyu ya ɗora a kan bodin Akuya.

"To 'yar Baba, ke ce mai ilimin, ki zaɓa. Wannan rawaya ce, a ƙasa ake ɗaura ta, ta hazo ce. Tana da kyau, amma ba ta da faɗi. Wannan kuwa," ya buga tafinsa a kan dogon kwalin, "ita muka gwada yanzu. A saman rufi ake kafa ta. In ya kunna ta a gonar nan, kifi ma sai sun ɗauka gari ya waye."

"Kifin namu ba sa son a tashe su da wuri," in ji Baba. "Ma'aikatan gwamnati ne."

Suka yi dariya su biyu. Auta ba ta iya ba. Ta karanta a wayarta cewa farar fitila a sama ba ta jituwa da hazo, hasken dawowa yake yi ya daki idon direba. Ta san kuma hazo yakan kwanta a kan tafkuna in an yi ruwa. Amma a wannan lokacin hannunta da ta kaɗa ba a gani ba shi ne kawai a ranta. Ta ce a zuciyarta, in dai gefe ne ba ya gani, to a ba shi hasken da ya fi kowane faɗi, ko Allah zai sa ya dawo masa da gefen.

"A sa doguwar," in ji ta.

"Ka ji masu digiri," in ji mai gyaran, ya shiga neman sukurdireba.

Da suka koma gida sai ta fara ganin abubuwan da ta daɗe tana wucewa. Inna ba ta ajiye wa Baba kofin shayi a gefe, sai a gabansa daidai. Kujerar tsugunne da ta saba zama a bakin ƙofar ɗaki an mayar da ita bayan randa. In Inna za ta zo wurinsa ba ta ɓullowa ta gefe, sai ta zagayo ta gaba, ko ta yi gyaran murya tun daga nesa. Auta ta bi ta ɗakin girki, ta tsaya tana murza yatsunta.

"Inna, Baba ba ya ganin gefe."

Inna ba ta daina yanka albasa ba. "Sai yau kika lura?"

"Kin sani ke nan?"

"Ni da nake zaune da shi tun kafin ki zo duniya?"

"To me ya sa muke ta sayen fitila?"

Inna ta ajiye wuƙar, ta share ido da bayan hannu. "Je ki faɗa masa, tunda bakinki ya fi nawa kaifi. Kin san abin da zai biyo baya? Likita zai ce ya ajiye makulli. Mahaifinki in ya ajiye makullin motar nan, me zai tashi ya yi da asuba? Na ga yadda zama ya yi da mahaifinsa, ba labari aka ba ni ba." Ta sake ɗaukar wuƙar. "A bari a gama kwashe kifin bana. Sai in sa yayanki ya zo, mu taru mu lallaɓa shi. Hanyar nan ai ko ido rufe ya san ta."

Auta ta yi ƙoƙari sau ɗaya. Ta same shi yana wanke Akuya, ta karɓi tsumman tana goge sabuwar fitilar, wadda ta yi wa tsohuwar motar ɗas kamar an ɗaura mata ɗankwali.

"Baba, an ce a babban asibiti ana duba ido, ba a ma daɗewa."

"Madalla. Sai ki je, ke da kike kwana da waya a fuska."

"Kai nake nufi."

Ya miƙe, ya juyo da dukan jikinsa ya fuskance ta, yadda ta lura yanzu yake yi wa kowa. "Tattalin arziki na san na biya aka koya miki. Yaushe aka ƙara da likitanci, ban ji an ƙara kuɗi ba?" Ya lakace mata hanci da kumfar sabulu. "Ga tabo can kin bari a gefen hagu. Wa ya kamata a duba wa ido a nan?"

Tabon yana nan kuwa, ya juya kai ya gan shi. Ta yi dariya, don dariyar ta fi sauƙi, ta goge tabon. Maganar ba ta sake tashi ba. Kullum da asuba tana jin tashin injin, ta ga haske ya cika tagar ɗakinta kamar an kunna rana a tsakar gida, ta kwanta idonta biyu har ƙarar ta ɓace. In ya dawo da hantsi ta ji sanyi a ranta, ta ce to yau ma an wuce. Damina ba ta kankama ba tukuna, sararin asuba garau yake, fitilar kuma tana aikinta. Baba har yabonta yake yi a gaban baƙi.

Sai aka kwana ana ruwa. Da gari ya fara wayewa wayar Inna ta yi ƙara. Mai Taru ne, tsohon abokin Baba, shugaban masu jan taru a gonar, wanda suka fara aiki tare tun suna samari. Ya ce kada hankalinsu ya tashi, Ba-Gaggawa yana nan da ransa, amma wani ya zo. Inna ta zauna daɓas a bakin gado. Auta ce ta fita ta tari babur.

Hazo bai gama tashi daga kan ruwan ba lokacin da ta isa. Ta bi tudun da ƙafa, laka na kama takalminta, har inda ta hango mutane a tsaye. A wata kwana da hanyar ta lanƙwasa hagu, sawun taya ya miƙe sak ya gangara. Akuya tana kwance a gefenta cikin tafkin, tayoyi biyu a sama, buhuna na yawo a kan ruwa. Doguwar fitilar ba ta mutu ba. Tana can ƙarƙashin koren ruwan tana ci, kifaye na kewaya ta. Ashe da gaske ruwa ba ya shigarta, kamar yadda aka rubuta a kwalin.

Baba yana zaune a kan bokitin da aka kifa, an lulluɓa masa rigar ruwan wani, an ɗaure masa goshi da tsumma, jini ya ɓullo ta ciki. Ta durƙusa a gabansa daidai, ta riƙe hannunsa, ta ji sanyi ƙalau.

"Wa ya ce a taso ki?" in ji shi. "Wanka kawai na yi."

"Wanka da mota," in ji Mai Taru, wanda shi ma a jiƙe yake har wuya. "Shekara da shekaru ina jan taru a gonar nan, ban taɓa kama kifi mai nauyinka ba. Ga ƙaya, ga surutu."

"Da ka bar ni, ai da na fito da kaina."

"Ƙafarka tana ƙarƙashin sitiyari? Sai dai ka fito a kasuwa, a cikin roba."

Mutanen da ke wurin suka yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Mai Taru ya yafito Auta gefe, suka ɗan taka zuwa kwanar. A nan ta ga wani turke a kafe a bakin ruwa, an rataya masa farin buhun abincin kifi wanda babu komai a ciki. Ta ɗaga kai ta duba gaba. A kowace kwana akwai irinsa, har iyakar ganinta.

"Mu muka kafa su," in ji Mai Taru, ya rage murya. "Tun bara. Mun lura yana cin gefen hanya, ya taka wa wani kwando, ya kusa shafar wani. Ba mu ce masa komai ba, manaja ma ba mu bari ya sani ba. Muka ce shanya buhuna muke yi. Duk inda ya hango fari a gabansa cikin duhu, ya san kwana ce, sai ya karya. Shi bai tambaya ba, mu ba mu faɗa ba. Haka muke ta tafiya lafiya."

"To yau me ya faru, Kawu?"

"Yau hazo ya sauka. Ina tsaye can ina jiransa, na ga ya taho da wannan fitilar. 'Yata, ban ga mota ba, wani farin gajimare kawai na gani yana tafiya. Da tsofaffin fitilun ne, ko a hazo buhun yakan fito, don shi kaɗai ne fari. Yau kuwa komai fari ne, sama da ƙasa. Ta ina zai gane buhu?" Ya matse ruwa daga hularsa. "Na yi ta ihu, ƙarar inji ta hana shi ji."

Auta ta tsaya tana kallon buhun. Raɓa ta jiƙa shi, ya lanƙwashe a kan turken.

"Da mun sani mun yi magana tun bara," in ji Mai Taru. "Mun ɗauka rufa masa asiri muke yi."

Raunin goshin ne ya kai Baba asibiti, shi ma sai da Mai Taru ya rantse zai ɗauke shi a kafaɗa in ya ƙi. Ma'aikaciyar da ta yi ɗinkin ta haska idonsa da 'yar tocila, ta sake haskawa, sannan ta rubuta takarda ta ce su wuce sashen ido kafin su tafi gida. Wannan karon bai yi gardama ba. Ya tashi ya bi bayan Auta a dogon barandan, ta ji ya kama gefen mayafinta.

A sashen ido aka ɗiga masa magani, aka auna, sannan aka zaunar da shi gaban wata na'ura mai kama da ƙwarya, aka sa ya ɗora haɓa. Aka ba shi wani maɓalli a hannu, aka ce ya kalli tsakiya, duk sanda ya ga ɗigon haske ya ƙyalla ko ta ina, ya danna. Auta tana zaune a baya, tana hango ɗigon yana ƙyallawa sama, ƙasa, dama, hagu. Babban yatsan Baba yana kan maɓallin a shirye, irin shirin da yake yi wa hon. Ɗigon ya yi ta zuwa yana wucewa. Can sai ya ce, cikin ladabi, "Malama, ko ba a kunna ba tukuna?"

Likitar mace ce mai sanyin magana, ba ta kuma yi kwana-kwana ba. Ta ce hawan jinin ido ne. Ruwan cikin ido ne ke taruwa ya danne jijiyar gani, yana cin ta daga gefe zuwa tsakiya, a hankali, ba zafi, shi ya sa mutane ke daɗewa ba su zo ba. Idon dama saura kaɗan ya tafi gaba ɗaya. Na hagu da sauran gani a tsakiya, shi za a yi ƙoƙarin tsarewa.

"Wanda ya tafi fa, likita?" in ji Auta. "In an yi aiki zai dawo?"

"Ba ya dawowa. Abin da ya rage ake karewa."

"Da a ce mun zo bara fa?"

Likitar ta dube ta, ta dubi Baba. "Da abin da za mu kare ya fi haka yawa. Sau da yawa maganin ɗigawa kawai ke riƙe shi, in an zo da wuri."

Baba ya gyara hularsa a kan bandejin. "To, ba gaggawa," in ji shi, amma a hankali ya faɗa, ba kuma wanda ya yi dariya.

Aka ba su magungunan ɗigawa, aka ɗauki hoton jijiyar idon hagun. Likitar ta ce babban likitan da ke yin irin wannan aikin ba kullum yake zuwa ba. Za a tura masa hoton da sakamakon awon, shi zai ce ko aiki zai tsare idon, ko kuwa an makara. Ta karɓi lambar Auta ta ce za a kira. Tuƙi kuwa, ta ce, ya ƙare.

An jawo Akuya da tarakta, tana wurin bakanike, laka ta shiga injin. Yayan Auta ya zo ya kwana biyu, ya yi ta faɗa da kowa a kan me ya sa ba a gaya masa ba, sannan ya shiga bayan gida ya daɗe bai fito ba. Inna ta rage magana. Baba har yanzu da asuba yake tashi. In ya yi salla sai ya zauna a tsakar gida, a inda motar ta saba tsayawa, har rana ta fito. Mai Taru yakan biyo bayan an tashi aiki, ya zauna a gabansa ya ba shi labarin sabon direban da aka ɗauka, wai yana gudu kamar an biyo shi, ma'aikata har sun fara neman suna da za su raɗa masa.

Auta ce ke ɗiga masa maganin safe da yamma. Yakan kwantar da kai a jikin bango, ta buɗe fatar idon da yatsa, wani lokaci ɗigon ya sauka a kumatu.

"Kin ba gemuna magani," yakan ce. "Shi lafiyarsa ƙalau."

Wata yamma bayan ta gama, bai ɗago kai ba, idonsa a rufe, ya ce, "Fitilar nan mai kyau ce, kin ji ko? Abin da na ce ki nemo shi kika nemo." Ta ce to. Ta rufe kwalbar, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin katifa har aka kira magariba.

Ta daina kashe wayarta, ko caji za ta sa sai ta zauna kusa da ita. In baƙuwar lamba ta shigo sai ta zabura ta ɗauka. Sau ɗaya wani kamfani ne da ta nemi aiki, ta amsa musu sama-sama don kada layin ya daɗe a riƙe. Ta koma asibitin ta tambaya, aka ce hoton yana wurin babban likita, bai duba ba tukuna. Har yanzu ba a kira ba, kuma ba su san ko za a iya tsare idon hagun ba.